Yadda Za Ku Kafa Ƙungiyar Masu Makarantun Kuɗi A Yankinku, Ta Kuma Yi Aiki Da Gaske

Wannan rubutun na masu makarantun kuɗi ne, musamman ƙanana da matsakaita irin na cikin unguwanni, waɗanda mai makarantar shi ne firinsifal shi ne akanta wani lokacin ma shi ne malamin lissafi na aji shida, kuma suna son su haɗa kai da 'yan'uwansu a ƙaramar hukumarsu ko su farfaɗo da ƙungiyar da take akwai amma ta mutu sai suna. A Najeriya harkar ilimin firamare da sakandare jihohi ne ke riƙe da mafi yawanta, su ke ba da lasisi su ke sokewa su ke turo sufetoci, to duk ranar da aka yanke wani hukunci a ma'aikatar ilimi kai da kake da ɗalibai 180 a gidan haya ba wanda zai kira ka ya ji ta bakinka, ƙungiya ake kira. Sai dai abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne gwamnati ba ta jin maganar ƙungiyar da ba ta san adadin membobinta ba, iyaye kuma ba sa mutunta ƙungiyar da aikinta kawai kare mai laifi in dai ya biya kuɗin wata. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: ku duba abin da yake ƙasa kafin ku ƙirƙiri sabo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum biyar su zauna a ofishin ɗayansu su raɗa suna su buga hatimi, alhali akwai ƙungiyoyin da suka riga suka kafu suna da rajista da murya har Abuja. Babba a cikinsu ita ce NAPPS, ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2005, tana da tsari daga matakin ƙasa zuwa jiha zuwa ƙananan hukumomi. Akwai AFED wadda ta samo asali a Legas, ita ta masu makarantu masu sauƙin kuɗi ce, kuma dalilin haɗuwarsu tun farko shi ne barazanar rufe makarantun da ba su da amincewar gwamnati. Akwai AMIS ta makarantun Musulunci masu haɗa boko da addini, akwai kuma LEAMSP ta Musulmi masu makarantu. Kowacce da irin mutanenta da irin matsalar da ta fi damunta.

To ku je sakatariyar jiha ta wadda kuke ganin ta dace da ku, ku tambaya ko akwai reshe a ƙaramar hukumarku, wa ke riƙe da shi, yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, nawa ake biya a shekara kuma kashi nawa ke zama a reshe kashi nawa ke hawa sama. Ku kuma tambayi jami'an ma'aikatar ilimi, a Kano misali hukumar kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, wace ƙungiya suke gayyata in za a yi zama, domin manyan ƙungiyoyin nan sun sha samun rabuwar kai da ɓangarori, kada ku je ku zuba kuɗinku a ɓangaren da ba wanda ya san da shi. A ganina in har akwai uwar ƙungiya mai rai, zama reshenta ya fi kafa sabuwa sauƙi da amfani nesa ba kusa ba. Sabuwa sai in kun tabbata matsalarku ta daban ce, misali ku duka masu ƙananan makarantu ne kuma kun ga manyan da ke karɓar dubu ɗari biyu a zango sun mamaye shugabanci ba sa ma fahimtar abin da kuke ciki.

Mataki na biyu: ƙidaya

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa kuma shi ne ƙashin bayan komai. Ku raba unguwanni a tsakaninku, kowa ya ɗauki mazaɓa ɗaya ko biyu ya bi da ƙafa ko a babur, lungu lungu, duk inda ya ga allon makaranta ko ya ga yara da inifom suna shiga wani gida ya tsaya ya yi sallama. Fom ɗin kada ya wuce shafi ɗaya: sunan makaranta, sunan mai ita da lambar waya, shekarar da aka buɗe, nazare ce ko firamare ko har da sakandare, yara maza nawa mata nawa, malamai nawa kuma nawa ne masu NCE ko sama da haka, gini nasu ne ko haya, suna da lasisi ko suna kan nema ko ba su ma fara ba.

Za ku tarar wasu suna ɗari-ɗari, suna zaton 'yan haraji ne suka turo ku, don haka wanda zai je ya zama mai makaranta ne da aka sani a yankin, ya kuma faɗa musu ƙarara cewa sunan makaranta da halin lasisinta ba zai fita daga hannun ƙungiya ba sai da yardarsu, jimilla kawai za a riƙa nunawa. Amfanin wannan aikin ku duba Legas, lokacin da aka yi ƙidayar makarantu masu zaman kansu a 2010 zuwa 2011 an samu sama da 12,000, kuma mafi yawansu ba su da amincewar gwamnati, wannan adadin ne ya sa dole aka fara kallon su a matsayin wani ɓangare na tsarin ilimi da ba za a iya sharewa ba. Ku ma haka ne a ƙaramin mataki, ranar da ciyaman ɗinku ya tsaya gaban sakataren ilimi ya ce muna da makarantu kaza, yara kaza, mun ɗauki malamai kaza aiki, ga takarda, sauraron da za a yi masa daban yake da na wanda ya zo da baki kawai. A sabunta ƙidayar duk farkon shekarar karatu, a ajiye ta a kwamfuta da kuma a takarda.

Mataki na uku: mitin na farko

A sa shi ranar Asabar da safe, a makarantar da take tsakiya kuma ba ta wanda ake ganin yana neman kujera ba. A gayyaci kowa har da masu makarantar da ba ta da lasisi, a kuma tabbata an gayyaci mata da sunansu, don nazare da firamare da yawa mata ne ke da su kuma sau da yawa sai a yi mitin da daddare ko a wurin da ba za su iya zuwa ba daga baya a ce ba sa ba da haɗin kai. Kada a yi zaɓe a wannan ranar. A naɗa kwamitin riƙo na mutum biyar ko bakwai da wa'adin wata shida, aikinsu rubuta kundin tsari da kammala rajistar membobi da shirya zaɓe, kuma in za ku iya ku sa sharaɗin cewa shugaban riƙo ba zai tsaya takara ba, wannan sharaɗin kaɗai yana kashe rigima mai yawa.

Mataki na huɗu: kundin tsarin mulki

In reshe ne ku, kundin uwar ƙungiya shi ne a sama, ku dai za ku yi ƙa'idojin cikin gida da ba su saɓa masa ba. Ko ta wane hali akwai abubuwan da dole a rubuta su baro-baro, kuma a fassara da Hausa a karanta a bainar jama'a, don kada gobe wani ya ce ba a faɗa masa ba.

Na farko wane ne memba. Mai makaranta ne ko wanda ya wakilta a rubuce, kuma makaranta ɗaya ƙuri'a ɗaya ko da tana da yara dubu biyu, in mutum yana da rassa uku ma ƙuri'arsa ɗaya ce, in ba haka ba manya za su saye ƙungiyar cikin shekara guda. Sai batun makarantun da ba su da lasisi, wanda a nan ake yawan samun saɓani. Masu lasisi za su ce don me za mu zauna da wanda bai bi doka ba yana karya mana farashi. Ni ina ganin a karɓe su amma a matsayin membobin wucin gadi, a ba su wa'adi, a ce shekara ɗaya ko biyu, su nuna shaidar sun shigar da takardar nema, ƙungiya ta taimaka musu da cike fom da sanin ofishin da za su je da abin da sufeto zai duba, wanda ya ƙi motsawa bayan wa'adin a cire shi. In kuka rufe musu ƙofa ba rufe makarantunsu za su yi ba, za su ci gaba da karantar da yaran talakawa ba mai sa musu ido, kuma duk ɓarnar da ta faru a can da sunanku duka za a kira ta.

Sai wa'adin shugabanni, shekara biyu ko uku, sau biyu shi ke nan, a rubuta ranar da za a miƙa mulki da abin da zai faru in ba a yi zaɓe ba a kan lokaci. A rubuta mutum nawa ne za su halarta kafin hukuncin mitin ya zama hukunci. A rubuta kwamitin ladabtarwa da matakansa, gargaɗi na baki, na takarda, tara, dakatarwa, kora, da kuma haƙƙin wanda ake tuhuma a saurare shi. A rubuta cewa duk shugaban da ya karɓi muƙamin siyasa ko ya tsaya takara ya ajiye kujerarsa.

Mataki na biyar: rajista da asusun banki

Reshen ƙungiyar da take da rajista ba ya buƙatar zuwa CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, takardar amincewa daga uwar ƙungiya zai karɓa. Amma in sabuwa kuka kafa to za ku yi rajista a CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiya da dukiyarta a gaban doka, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a fara neman amincewar suna, a zaɓi amintattu aƙalla biyu a mitin da aka rubuta bayanansa, a haɗa kundin tsari da katin shaidarsu da hotuna, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan satifiket ya fito. Ku nemi lauya ko ejan da CAC ta amince da shi, kuma ku tuna akwai rahoton shekara-shekara da ake shigarwa, in aka bari ya taru tara ce ke biyo baya. Amintattu su zama dattawa da ba sa cikin shugabancin yau da kullum.

Daga nan sai lambar haraji, kuma banki zai iya neman satifiket ɗin SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe muku akawun. Masu sa hannu su zama uku, ciyaman da sakatare da ma'aji, biyu dole su sa hannu kafin kuɗi ya fita, alat kuma ya riƙa shiga wayar mutum ukun duka.

Mataki na shida: kuɗi

Ƙungiyoyi da yawa ba gwamnati ce ta kashe su ba, kuɗi ne, kuma ba lallai sata ba, sakaci kawai, an karɓi kuɗi a hannu an zuba a aljihun ma'aji ya haɗe da kuɗin makarantarsa, an sayi lemo da ruwa ba risit, shekara ta zagayo ba wanda zai iya cewa ga abin da ya shiga ga abin da ya fita, daga nan sai zargi sai mutane su daina biya. Don haka tun ranar farko ba kuɗi a hannu, kowa ya tura ta banki ya turo shaida a ba shi risit mai lamba. Kuɗin memba a yi shi hawa-hawa gwargwadon yawan ɗalibai, mai yara 80 kada ya biya daidai da mai yara 900, kuma a karɓa a mako na uku ko na huɗu na zango lokacin da iyaye suka fara biya, kowa ya san ƙarshen zango aljihun mai makaranta a bushe yake.

A kowane mitin ma'aji ya miƙe ya karanta: an shigo da kaza, an kashe kaza a kan kaza, saura kaza, ga takardar banki tana zagayawa hannu hannu kowa ya gani da idonsa. Ƙarshen shekara a zaɓi membobi biyu da ba sa cikin shugabanni su binciki littafin. In asusu ya ɗan yi nauyi ku yi tunanin buɗe ƙungiyar gama kai daban, a yi mata rajista a jiha, ta riƙa ba membobi rancen gyaran rufi ko sayen benci, ta kuma sayo alli da maka da takardun jarrabawa da rajistar aji a sari ta raba, amma asusunta daban da na ƙungiya, kada a gauraya. Wanda ya tuna 2020, lokacin da aka rufe makarantu tun daga Maris saboda korona aka shafe watanni ba kuɗin makaranta ba albashi ga kuɗin haya yana tafiya, ya san amfanin a ce akwai wani abu a ajiye.

Mataki na bakwai: haraji da zama da hukuma

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙarfe goma na safe ana tsaka da darasi sai mota ta tsaya a bakin get, mutum uku sun sauko da riguna masu tambari, ɗaya riƙe da kwaɗo da sarƙa ɗaya da takarda da ba a ma bari ka karanta ta da kyau, wai kuɗin allon talla ne ko na tsaftar muhalli ko na harabar kasuwanci, yara sun leƙo ta taga, wata uwa da ta zo biyan kuɗi tana tsaye tana kallo, mai makaranta don gudun abin kunya sai ya ja su gefe ya ba da abin da ya samu ba risit, bayan wata biyu wasu daban su zo da wata rigar. Wannan ita ce matsalar da ta fi tara mutane cikin ƙungiya, kuma ana iya rage ta sosai in aka bi ta da takarda.

Ku fara da tattara duk wata takardar neman kuɗi da duk wani risit da membobi suka samu a shekara biyu da suka wuce, a yi hoto a jera: wa ya nema, sunan kuɗin, nawa, an ba da risit ko ba a ba da ba. Sai ku ɗauki mai ilimin haraji ko lauya ya zauna da jerin ya raba, wannan na jiha ne, wannan na ƙaramar hukuma ne, wannan an maimaita shi da suna biyu, wannan ba shi da tushe a doka. Akwai dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai iya karɓa, kuma an sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a 2025 da suka fara aiki a Janairun 2026, shi ya sa nake cewa a nemi masani kada a dogara da abin da aka sani da. Abin da ya tabbata haƙƙi ne, kamar harajin albashin ma'aikata da ake turawa hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha da kuɗin sabunta lasisi, ƙungiya ta matsa wa membobinta su biya a kan lokaci, don ba za ka je neman sauƙi da bashi a wuyanka ba.

Sannan a rubuta wasiƙa, a nemi zama da hukumar haraji da ciyaman na ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi. Mutum uku ko huɗu su je, da takarda shafi biyu, buƙatu uku kacal, misali a haɗe kuɗaɗen a takarda ɗaya a shekara, a biya ta banki, a daina zuwa rufe makaranta lokacin darasi. Duk wasiƙar da aka kai a sa a buga hatimin karɓa a kwafinku. Bayan zama a rubuta abin da aka cimma a aika musu. Rediyo da Facebook ku ajiye su sai an bi waɗannan hanyoyin an ƙi ji, wanda ya fara da zagin kwamishina a rediyo ya rufe wa kansa ƙofar ofis. A kuma fitar da lambar waya ɗaya da duk memba zai kira in an zo masa, shugabanni biyu su iso wurin cikin gaggawa su nemi ganin takarda da katin aiki cikin ladabi, mafi yawan masu zuwa ba bisa ƙa'ida ba daga nan suke janyewa.

Haka batun kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, dizal da takarda da haya, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, su ma iyayen a matse suke, gwamnatocin jihohi kuma sukan sa baki su hana ƙari ba tare da izini ba. Kada ƙungiya ta zauna ta yanke farashi ɗaya ga kowa, wannan zalunci ne ga iyaye kuma zai jawo muku fushin hukuma. Abin da za ta yi shi ne ta koya wa membobi lissafa abin da ake kashewa kan kowane yaro a zango, ta sa ƙa'idar a sanar da iyaye zango guda kafin ƙari, a kira mitin ɗin iyaye da malamai a nuna musu lissafin, sannan a kai wa hukuma da hujja.

Mataki na takwas: gyaran cikin gida

A nan ne ƙungiya take samun mutunci ko ta rasa shi. A Janairun 2022 bayan kisan yarinyar nan Hanifa a Kano, wanda mai makarantarsu ne ya aikata, gwamnatin jiha ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su, laifin mutum ɗaya ya shafi dubbai. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Waɗannan yaran amana ne iyayensu suka kawo da safe, kuma ba na jin akwai mai makaranta mai tsoron Allah da zai ce duba irin wannan ba aikin ƙungiya ba ne.

Ku kafa kwamitin duba makarantu na mutum uku, kada ɗayansu ya duba makarantar unguwarsu, su zagaya kowace makaranta sau ɗaya a shekara kafin sufetocin gwamnati su zo. Su duba bango ko akwai tsagewa, bene ko an ɗora shi a kan ginin da ba a yi shi don bene ba, rijiya da masai ko a rufe suke, banɗakin mata daban da na maza, ruwan sha, wayar lantarki, ƙofa nawa ce ta fita, abin kashe gobara, littafin baƙi a get, da tsarin wanda aka yarda ya ɗauki yaro in an tashi. In ana shakkar gini a kawo injiniya, ƙungiya ta biya rabi. Wanda aka ba wa'adin gyara ya ƙi, a dakatar da shi, in rayuwar yara na cikin haɗari a sanar da hukuma, kuma a rubuta wannan a kundin tun farko don kada a ce cin amana ne.

Kan malamai, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya NCE ce, kuma akwai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Makaranta ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyin horo ba amma makarantu talatin za su iya haɗa kuɗi a hutun ƙarshen shekara su gayyato malamai daga kwalejin ilimi mafi kusa su yi bita kan koyar da karatu a ƙananan azuzuwa da shirya darasi da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Kowane malami ya samu takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashinsa da ranar biya, ya kawo masu tsaya masa biyu, kuma wanda aka kora kan cin zarafin yaro a kai maganar ga 'yan sanda, a sanar da membobi a rubuce, kada a rufe don kare sunan makaranta ya tafi wata unguwa ya ci gaba. Sannan maganar gaskiya albashin malamai a makarantunmu da yawa abin tausayi ne, ƙungiyar da ke kuka kan haraji ta kuma yi shiru kan memban da ke riƙe wa malamai albashin wata uku ba ta yi adalci ba.

Sai jarrabawa. Duk makarantar da ta mayar da kanta cibiyar satar amsa a WAEC ko NECO ko NBAIS ta Larabci da darussan Musulunci tana kwashe ɗaliban aji na ƙarshe daga makarantun da ke karantarwa da gaske, a ƙarshe hukumar jarrabawa ta soke cibiya ko ta riƙe sakamako yara su yi asara. A sa wannan cikin laifukan kora. A madadin haka ku shirya jarrabawar gwaji ta bai ɗaya ga 'yan aji shida da JSS3 da SS3, a yi musayar masu sa ido tsakanin makarantu, a yi makin a wuri ɗaya.

Mataki na tara: abin da ke tsakaninku

Abu biyu ne ke haɗa masu makarantu faɗa, iyaye masu gudu da bashi da kuma ɗauke malamai. Uba zai tara bashin zango biyu sai ya sayi sabon inifom ya kai yaran makarantar bayan layi, can ma ya maimaita. A yi yarjejeniya ba memban da zai karɓi yaro daga makarantar memba sai da takardar canjin makaranta da sakamakon ƙarshe. Amma a yi ta da tausayi, akwai wanda da gaske ya rasa aiki ko mahaifin ya rasu, irin wannan kwamitin sulhu ya zauna da shi a tsara biya kaɗan kaɗan ko a yafe wani abu a sake shi, kada yaro ya zauna a gida shekara guda saboda rigimar manya, kuma kada a taɓa buga sunan yaro ko na iyayensa a guruf ɗin WhatsApp. Malami kuma yana da 'yancin ya koma inda aka fi biyansa, abin da za a hana shi ne ɗauke shi tsakiyar zango, a ce sai ya ba da sanarwar wata guda kuma ya miƙa sakamakon yara.

Guruf ɗin WhatsApp ɗin a yi guda biyu, ɗaya na sanarwa admin kaɗai ke rubutu, ɗaya na tattaunawa, ba talla ba siyasa. Lokacin zaɓe 'yan takara za su zo da alkawura, a saurari kowa in ana so amma kada ƙungiya ta ɗaga hannun kowa, domin lasisinku yana hannun duk wanda ya ci.

Wata uku kafin wa'adin shugabanni ya ƙare a naɗa kwamitin zaɓe, a liƙa sunayen waɗanda suka biya kuɗinsu su ne masu ƙuri'a, a gayyaci wakilin uwar ƙungiya da na ofishin ilimi su shaida, a ƙirga a gaban kowa. Ranar miƙa mulki a miƙa satifiket da littafin ma'aji da fayil ɗin wasiƙu da ƙidayar makarantu da jerin kayan ƙungiya, duka ɓangarorin su sa hannu, kuma cikin mako guda a je banki a canza masu sa hannu.